Nawa Ya Kamata Ku Kashe wa Gadon Jariri? Ga Yadda Ake Fitar da Lissafin Mataki-Mataki

Babu tambayar da masu jiran ɗan fari suka fi yi mini kamar wannan: "Nawa ya kamata mu kashe wa gadon jariri?" Wasu sun riga sun ga gadaje biyu, ɗaya ya ninka ɗayan kuɗi sau biyar, mai sayarwa kuma ya rantse musu cewa mai tsadar ne ya fi aminci. Wasu kuwa tsohon gado aka ba su kyauta, suna tsoron karɓa, suna kuma jin nauyin mayarwa.

Ba zan yanke muku adadi ba, don farashi na bin wuri da lokaci, aljihu kuma ba ɗaya ba ne. Abin da zan ba ku shi ne hanyar da za ku fitar da adadin da kanku. Ku riƙe magana ɗaya tun daga nan: amincin gadon jariri yana cikin awonsa da ƙarfinsa da katifarsa, kuma duk waɗannan ana samun su a gado mai sauƙin kuɗi. Abin da tsada ke ƙarawa galibi shi ne irin katako da ado da sunan kamfani, wani lokaci da daɗewa.

Kayan aikin da kuke buƙata ba su da yawa: tef ɗin awo, takarda da biro, kalkuletar waya, da yatsunku biyu. Za ku ga amfanin yatsun a mataki na biyar.

1. Ku yanke iyaka kafin ku je kallo

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da kallo. Da zarar ido ya sauka a kan gado mai rumfa da zanen taurari, duk wanda aka gani bayansa sai ya yi kama da akwatin kaya. Saboda haka ku zauna ku biyu da takarda kafin ku shiga kowane shago ko shafin saye da sayarwa.

Ku rubuta jimillar abin da kuke da shi, ko kuke da tabbacin samu, domin zuwan jaririn baki ɗaya. Daga ciki ku cire kuɗin awon ciki da na haihuwa. Ku cire kuɗin ko-ta-kwana, wato abin da za a buƙata idan haihuwa ta zo da tiyata ko jariri ya ƙara kwanaki a asibiti. Ku cire abin da za a riƙa kashewa duk wata, irin su kunzugu da sabulu da magani. Idan uwa za ta ajiye aiki ko sana'a na wasu watanni, ku sa wannan giɓin ma a lissafi. Abin da ya rage shi ne na kayan da ake saye sau ɗaya, kuma wurin kwana kaso ɗaya ne kawai a cikinsa.

Sai ku rubuta adadi biyu a ƙasan takardar: wanda kuke so ku kashe, da wanda ba za ku wuce ba ko da me mai shago zai ce. Adadin nan ba na gado kaɗai ba ne. Na wurin kwana ne gaba ɗaya, da katifa da zannuwa da kuɗin kawowa a ciki.

Gargaɗi: kada ku ci bashi saboda gado, kuma ku yi hattara da tsarin biya kaɗan-kaɗan mai ruwa a kai. Watannin da za ku riƙa biyan bashin su ne daidai watannin da kuɗi zai fi yi muku wuya.

2. Ku auna ɗakin

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa, amma a nasa wurin kwanan daban, aƙalla watanni shida na farko. Ke nan ɗakinku za ku fara aunawa, ba ɗakin da kuke tunanin yaro zai koma nan gaba ba.

Gadajen jarirai na da girma sanannu. Na tsarin Turai iri biyu ne: mai ɗaukar katifa santimita 60 a 120, da babba mai ɗaukar katifa 70 a 140. Cikakken gado na tsarin Amurka cikinsa kusan santimita 71 a 133 ne. Wannan awon ciki ne, don haka ku ƙara santimita biyar zuwa goma kowane ɓangare saboda kaurin katako, sannan ku bar wurin da mutum zai tsaya ya sunkuya ya ɗauki jariri cikin duhu ba tare da ya buge gwiwa ba.

Ku auna faɗin ƙofa ma. Da yawan cikakkun gadaje ba sa wucewa ta ƙofar ɗaki idan an riga an haɗa su.

Gargaɗi: wurin da za ku ajiye gadon ya yi nesa da igiyar labule, da wayar lantarki, da abin ɗumama ɗaki, da taga mai buɗewa. Idan wurin da ya rage muku kawai shi ne ƙarƙashin taga mai igiya, ku canza tsarin ɗakin ko ku nemi ƙaramin gado.

3. Ku raba kuɗin da watannin amfani

A nan yawancin amsar take, don haka bari mu ɗan daɗe.

Wurin kwanan jariri kashi huɗu ne a taƙaice. Akwai ƙaramin gado ko kwandon jarirai, wanda ake amfani da shi daga haihuwa zuwa wata huɗu ko shida. Ana daina shi ne da zarar jariri ya fara juyawa ko ɗago jikinsa da hannu, ko ya kai nauyin da kamfanin ya rubuta, wanda yakan kama kilo bakwai zuwa tara. Akwai gado na gama-gari mai sanduna, wanda yaro ke kwana ciki har ya kai tsawon santimita 89 ko ya fara yunƙurin haurawa, abin da kan faru tsakanin wata 18 da shekara uku. Akwai gado mai rikiɗa, wanda ake cire masa gefe ya zama gadon ƙaramin yaro, wani ma har ya zama na babba. Sai gadon naɗewa mai bangon raga, na tafiye-tafiye.

Ga yadda za ku kwatanta su. Lambobin nan na misali ne kawai, ku sa naku a madadinsu. A ce ƙaramin gado 60 ne, za a yi wata 5 ana amfani da shi: 12 ke nan kowane wata. Gadon gama-gari 150 ne, za a yi wata 30: 5 kowane wata. Mai rikiɗa 360 ne, an ce zai kai wata 60: 6 kowane wata. Kun ga wanda ya fi araha a shago shi ya fi tsada a gida, kuma bayan wata biyar dole ku sake fitowa neman wani.

Yanzu ku ƙara tambaya ɗaya: yara nawa ne za su kwana a gadon? Idan kuna sa ran ƙani ko ƙanwa, gadon gama-garin nan na 150 zai yi wata 60, kuɗinsa ya koma 2 da rabi a wata. Mai rikiɗa kuwa a nan ne alkawarinsa ke warwarewa. Ranar da ƙani ya zo, ko dai ku bar babban a gadonsa da ya rikiɗa ku sayi sabo, ko ku mayar da shi gadon jariri ku saya wa babban wani. Ta kowace hanya gado biyu kuka saya. Ƙari a kan haka, katakan da ake rikiɗa shi da su sau da yawa daban ake sayar da su, kuma bayan shekara biyu ko uku kuna iya komawa ku tarar an daina yin irinsu. Idan har mai rikiɗa za ku saya, ku sayi kayan rikiɗar rana ɗaya da shi, ku kuma sa kuɗinsu cikin lissafin tun yanzu.

A ganina, mai ɗaki wadatacce da aljihu matsakaici ya tafi kai tsaye ga gadon gama-gari, domin jariri sabon haihuwa na iya kwana a cikinsa tun daren farko. Ƙaramin gado na da hujja idan ɗakin ya matse, ko uwa ta sha tiyata tana son jariri dab da ita. To shi ne abin da ya fi dacewa a ara ko a saya na hannu, tunda kwanakinsa ƙididdigaggu ne. Gadon naɗewa kuma, idan ya cika ƙa'idar kwanan jarirai, yana iya zama gadon kullum ga masu yawan ƙaura.

Gargaɗi: gadon naɗewa na zuwa da siririyar katifarsa. Kada ku ƙara masa wata mai kauri don kuna ganin tasa ta yi tauri. Bangon ragar na lanƙwasawa, jariri na iya zamewa tsakanin ƙarin katifar da ragar.

4. Abubuwan da ba a ciniki a kansu

Duk gadon da ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan ya fita daga lissafi, ko kyauta ne, ko shi ne mafi tsada a shagon.

Tazarar sanduna. Ƙa'idar Amurka ta ce kada ta wuce santimita 6, ta Turai kuma ta sa ta tsakanin 4.5 da 6.5. Dalili shi ne jikin jariri na iya zurarewa ta babbar tazara ƙafa a gaba, kai kuma ya maƙale. Ku auna da tef, kuma ku auna wurare da yawa, ba tazara ɗaya ba. Idan gwangwanin lemo na wucewa tsakanin sanduna, tazarar ta yi yawa.

Gefe mai sauka. Wasu tsofaffin gadaje na da gefen da ake zugewa ƙasa don sauƙin ɗaukar jariri. Idan maƙalansa suka saki, gefen na buɗewa ya bar ramin da jariri ke faɗawa ya kasa numfashi. Amurka ta haramta yin su da sayar da su tun watan Yunin 2011. Har yanzu suna yawo a kasuwar kayan hannu. Ku nemi mai gefe huɗu a kafe.

Kusurwoyi da ado. Kada sandunan kusurwa su yi tsini sama da allon kai, domin riga ko igiyar wuya na iya rataya a kai. Kada allon kai ko na ƙafa ya kasance da ramukan ado da kai ko hannu zai shiga.

Zurfi. Idan aka sauke katifa zuwa matakin ƙarshe, ƙa'idar Amurka na son a samu santimita 66 daga inda katifa ke zama zuwa saman gefe.

Ƙarfi. Ku kama gadon da hannu biyu ku girgiza shi da gaske, kada ku ji kunyar mai shago. Ku murɗa sanduna ɗaya bayan ɗaya, bai kamata ko ɗaya ta juya ba. Ku danna ƙasan da tafin hannu. Ku shafa ko'ina ku ji ko akwai tsini ko sartse ko fentin da ke ɓarewa.

Sai ku duba takardar da ke manne a jikinsa. Ya kamata ta nuna sunan kamfani, lambar samfuri, ranar da aka ƙera shi, da ƙa'idar da ya bi. Na Turai kan ɗauki alamar EN 716.

Gargaɗi: wurin kwanan jariri a shimfiɗe yake, ba a kishingiɗe ba. Wata dokar Amurka da aka sa wa hannu a 2022 ta haramta kayan kwanan jarirai masu gangara fiye da digiri 10, tare da matasan soso da ake zagaye cikin gado da su. Idan aka nuna muku su a matsayin ƙari mai daraja, ku ce a cire su a rage kuɗin.

5. Ku ware kuɗin katifa kafin na gado

Mutane kan zuba kuɗi a katako, sannan su sayi duk katifar da canjin da ya rage ya isa. A juye ya kamata a yi. Jariri sabon haihuwa na barcin awa 14 zuwa 17 a rana, kuma fuskarsa a kusa da katifa take, ba da allon ado ba. Ni nakan ce a ware wa katifa kwata zuwa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin wurin kwana, sannan a nemi gado da abin da ya rage bayan an cire na zannuwa.

Abu uku ake nema. Na farko tauri: ku danna tsakiyarta da gefenta, ta dawo nan take ba ta bar shatin hannu ba. Idan ta yi muku daɗi kamar taku ta manya, ta yi wa jariri laushi. Na biyu daidaito, kuma nan yatsun suke shigowa: ku tura katifar zuwa kusurwa ɗaya, ku sa yatsu a ratar da ta rage. Idan fiye da yatsu biyu suka shiga, katifar ta yi ƙanƙanta. Na uku rufi mai hana ruwa shiga, wanda ake gogewa ko cirewa a wanke, domin fitsari da tumbuɗi ba sa sallama kafin su zo.

Kauri ba ya nuna inganci. A cikakken gadon Amurka, katifa ba ta wuce santimita 15, saboda mai kauri na rage zurfin gado ta ba yaro matakalar haurawa. Tsakanin ta soso mai ƙarfi da ta sifirin kuwa, ko wacce ta yi idan ta ci jarrabawar nan uku. Ta soso ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin ɗagawa lokacin canza zani da tsakar dare.

Gargaɗi: katifar 60 a 120 ba ta zama a gadon Amurka, ta Amurka ma ba ta yin daidai da na Turai. Ku je da awon cikin gado a rubuce, ko ku saye su tare ku gwada a gaban mai sayarwa.

6. Sabo, na hannu, ko na kafinta

Sabo ya fi sauƙin sha'ani: kayan haɗinsa cikakku, takardar bayani na nan, akwai garanti. Idan ƙaramin adadin da kuka rubuta a mataki na ɗaya ya isa sabon gado marar ado da ya ci mataki na huɗu, ku saya, an gama. Ana cewa araha ba ta ado, to ba adon muke nema ba.

Na hannu na iya rage muku kuɗi sosai, tunda yara kan fi ƙarfin gado tun bai tsufa ba. Sai dai bincikensa ya fi yawa. Ku duba shekarar da aka ƙera shi, domin hukumar kula da amincin kayan masarufi ta Amurka na gargaɗi a kan gadon da ya haura shekara 10, da wanda ya karye, da wanda aka yi wa kwaskwarima. Ku sa sunan kamfani da lambar samfuri a intanet ku ga ko an taɓa janye shi daga kasuwa. Ku nemi a haɗa shi a gabanku, ku ƙirga notuna. Idan ɗaya ya ɓace, daga kamfanin ake neman madadinsa. Ba a cike gurbin da ƙusa ko waya ko igiya. Ku haska tocila a mahaɗan katako ku nemi kuɗin-cizo da fumfuna da garin da ƙwaro ke zubarwa. Ko gadon ya yi kyau, ni dai ina ba da shawarar sabuwar katifa, sai fa idan kun san inda tsohuwar ta kwana, kuma tana nan da taurinta babu yagewa babu tabo.

Tsohon gadon da aka gada a dangi shi ya fi wuyar ƙi, don akwai zumunci a ciki. Ku yi godiya, ku auna shi kamar kowane gado. Idan ya faɗi, ya zama ma'ajiyar kayan wasa ko barguna.

Na kafinta na da kyau idan ɗakinku na da wani irin awo, ko kuna son katako mai ƙarfi a farashi mai sauƙi. Amma ku sani babu wanda ya gwada shi a ɗakin gwaji, ku ne masu duba shi. Ku fara sayen katifa, ku kai masa ita ya yi gadon a kanta. Ku ba shi awon mataki na huɗu a rubuce, kada ku tsaya ga "na gane". Ku ce a haɗa da noti, ba ƙusa kaɗai ba, a goge katakon ya yi sumul, kuma ku je ku auna sanduna kafin a yi fenti, lokacin da gyara ke da sauƙi. Ku riƙe wani kaso na kuɗin aikin sai kun gamsu.

Gargaɗi: fenti mai dalma guba ne ga ƙwaƙwalwar yara, kuma yaro mai fitar da haƙori sai ya gwigwiyi saman gadon. Amurka ta hana shi a fentin gidaje tun 1978, amma akwai ƙasashen da har yanzu ake samunsa a kasuwa. Ku sayi fentin da kanku, na ruwa wanda aka rubuta babu dalma, ko ku bar katakon haka. Tsohon gado mai fentin da ba ku san asalinsa ba, ku bar shi.

7. Ƙarin da ya cancanci kuɗi da wanda bai cancanta ba

Idan akwai sarari tsakanin adadinku na farko da na biyu, ga inda zan sa shi. Matakan ɗaga katifa da sauke ta, biyu ko uku: wannan na ceton bayan uwa a watannin farko, kuma da shi ne gado ke bin girman yaro. Sai katako na gaske maimakon allon garin katako da aka matse, idan kuna sa ran yara fiye da ɗaya ko yawan ƙaura, domin ramukan noti a matsattsen allo kan buɗe idan aka kwance aka sake ɗaurawa sau biyu ko uku, kuma ba ya shiri da laima. Sai robar da ake sa wa saman gefe saboda cizo.

Tayoyi na da amfani idan za a riƙa matsar da gadon, amma sai masu birki. Aljihun tebur na ƙasa ya danganta da matsin ɗakinku.

Rumfa, sassaƙa, teburin canza kunzugu da aka manne wa gado, saitin shimfiɗa mai guda bakwai ko tara: duk waɗannan na idon baƙi ne. Saitin shimfiɗar ma ya fi muni, domin yawancin abin da ke ciki, filo da bargo mai kauri da matasan gefe, ba a yarda su shiga gadon jariri ba kafin ya shekara. Zanin kawai za ku mora. Ƙananan gadaje masu lantarki da ke jijjiga jariri da kansu suna daga cikin mafi tsada, kuma su ma wata shida ne iyakarsu.

Duk lokacin da zuciya ta fara ce muku ƙaramin kuɗi rashin ƙauna ne, ku tuna ƙasar Finlan. Tun 1938 gwamnatinta ke ba masu haihuwa kayan jarirai, waɗanda kan zo a kwali da 'yar katifa a ƙasansa, kuma jarirai da yawa a cikin kwalin suka yi barcinsu na farko.

8. Ku tara lissafin ƙarshe

Ku koma ga takardar, ku zaɓi gadaje biyu ko uku da suka ci mataki na huɗu, ku rubuta wa kowanne cikakken kuɗinsa: gado, katifa, zannuwa masu roba a gefe guda biyu ko uku daidai girman katifar, rufin hana ruwa guda biyu, kuɗin kawowa, kuɗin haɗawa idan ba da kanku za ku yi ba, da kayan rikiɗa idan akwai. Inda ake fama da sauro ku ƙara gidan sauro, wanda za a ɗaure shi tam yadda hannun jariri ba zai jawo shi ba. Sai ku raba kowace jimilla da watannin amfani.

Wanda ya wuce adadinku na biyu ya fita. A cikin sauran, ku ɗauki wanda kuɗinsa na wata ya fi sauƙi, sai dai idan akwai takamaiman dalilin da za ku iya faɗa da baki, kamar ƙarancin wuri ko ciwon baya. "Ya fi kyau a hoto" ba ya cikin dalilai. Idan wani ɗan'uwa ya yi niyyar saya muku, ku faɗa masa ainihin wanda kuka zaɓa da awonsa, kada a wayi gari da gado biyu babu katifa.

Idan kuma lissafin ya nuna ko mafi araha ya fi ƙarfinku yanzu, ku ari ƙaramin gado mai kyau na watannin farko, ku riƙa tarawa. Kun sami wata huɗu zuwa shida na numfashi.

9. Ranar saye da ranar haɗawa

Ku saya lokacin da ciki ke wata na bakwai ko farkon na takwas. Haihuwa na iya zuwa da wuri, kaya na iya zuwa da abin da ya ɓace, kuma sabon fenti da sabuwar katifa na buƙatar kwanaki a wuri mai iska kafin warinsu ya fita. Ku tambayi sharaɗin mayarwa kafin ku biya, ku karɓi rasit.

Ku haɗa shi a cikin ɗakin da zai zauna, mutum biyu, da takardar bayani a buɗe. Ku baje notuna ku ƙirga su tukuna. Ku sa kowanne sako-sako har sai gadon ya tsaya daidai, sannan ku bi su ku ɗaure. Idan kun gama aka sami noti ya rage a ƙasa, ba kyauta ba ce daga kamfani, ku koma ku nemo gurbinsa.

Gargaɗi: ku cire ledar da aka naɗo katifa da ita gaba ɗaya. Wasu kan bar ta don kare katifar daga fitsari, alhali siririyar leda na iya manne wa fuskar jariri. A cikin gado katifa ce da zani mai kama ta tam, sai jariri kwance a bayansa. Babu filo, babu 'yar tsana, babu bargo sako-sako.

10. Bayan an fara amfani

Duk wata ku bi notuna ku ƙara ɗaurewa, domin girgizar yaro na sassauta su. Ku sauke katifa mataki ɗaya kafin ya fara zama da kansa, ku kai ta can ƙasa kafin ya fara kama sanduna yana miƙewa. Abin wasan da aka rataya a sama ya sauka da zarar ya fara ɗagowa da hannu da gwiwa, wajen wata biyar.

Ranar da ya fi ƙarfin gadon, ku kwance shi a hankali, ku zuba duk notuna da ɗan makullin ɗaure su a jaka ɗaya tare da takardar bayani da rasit, ku ɗaure jakar a jikin allon kai, ku jingina katakan a busasshen wuri nesa da ƙasa. Ku rubuta adadin notunan a bayan jakar, don wanda zai sake haɗa shi, ku ne ko mai saye, ya san abin da zai ƙirga.